Ragar kaji ta raba tukwanena da magunan unguwa

Duk mai shuka na'a-na'a ko alayyafo a tukunya ya san halin mage: da ta ga ƙasa mai laushi sai ta tone, ta yi kashi, ta binne, ta bar saiwoyi a waje. Garin barkonon da ake ta yabo wajen korar mage, ban ruwa ɗaya ke wanke shi, kuma ba na so ya shiga idon dabba.

Ragar kaji na sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, nan Kano. Na yanka daidai bakin kowace tukunya, na shimfiɗa a kan ƙasar, na danne da tsakuwa. Mage ba ta son waya a tafin ƙafarta. Takan hau, ta shinshina, ta sauka. Tsiro kuwa ta ramukan yake fitowa abinsa. Hankalina ya ƙara kwanciya don akwai mai juna biyu a gidan, kuma kashin mage kan ɗauko cutar da ke illa ga ɗan tayi.

Sai dai bakin da aka yanka yana da kaifi, a lanƙwasa shi ciki saboda yara. Siririyar kuma tana tsatsa da damina, gara a ƙara kuɗi a sayi mai rufin roba.