Jiragen Tafkin Komo: wanne ya cancanci kuɗinka, wanne zai kai ka kawai

Mutanenmu na Birnin Kebbi da Jega da Yawuri da ke zuwa Milan saro takalma da jakunkuna, ko ɗaliban da karatu ya kai arewacin Italiya, sukan samu kwana guda da ba su da abin yi kafin jirgin saman komawa gida. Yawanci tafkin Komo ake nuna musu, wanda za ka gani a rubuce Como a allunan tasha. Shawarar ba ta da laifi. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen zaɓen jirgin ruwa da garin da za a fara, har mutum ya dawo yana cewa bai ga komai ba sai layi da ƙeyar Turawa.

Ga wanda ya san Kainji, tafkin ba wani babba ba ne. Faɗinsa murabba'in kilomita 146, Kainji ya ninka shi fiye da sau takwas. Zurfi ne abin mamakinsa, don akwai inda ya haura mita 400. Siffarsa kamar gwafa ce da aka kifa: reshe ɗaya ya gangara garin Komo, ɗaya ya gangara Lecco, na uku ya miƙe arewa zuwa Colico, garin Bellagio kuma yana zaune daidai kan mahaɗar. Duwatsu sun tsare shi ta kowane gefe, shi ya sa tsofaffin gidajen masu mulki da limaman coci da attajirai suka jeru a bakin ruwa, fuskarsu na kallon tafki, bayansu na kallon titi. Wanda ya bi ta mota katanga da ƙofar ƙarfe kawai zai gani. Daga kan ruwa ake ganin gidajen yadda maginansu suka nufa.

Jiragen haya na jama'a duk na hukuma ɗaya ce ta gwamnati, Navigazione Laghi, kuma iri uku ne. Akwai jirgi mai tafiyar hawainiya da suke kira battello, mai hawa biyu ko uku, da kujeru a fili. Akwai mai gudu, servizio rapido. Sai jirgin fito, traghetto, mai ɗaukar motoci da mutane tsakanin garuruwa huɗu na tsakiyar tafki: Varenna, Bellagio, Menaggio da Cadenabbia.

Mai gudun nan shi ne tarkon baƙo. A takarda ya fi jan hankali, domin daga Komo zuwa Bellagio wajen minti 45 yake yi, alhali na hawainiya sai ya ci kusan awa biyu. Amma a rufe yake ruf kamar motar safa, kujerun a ƙasa suke, tagogin kuma feshin ruwa ya dusashe su. Kafin ka ɗaga waya gidan da kake son ɗauka ya wuce. Ga shi ana ƙara kuɗi a kansa: a farashin 2023, Komo zuwa Bellagio Yuro 10.40 ne a jirgin hawainiya, 14.80 a mai gudu. Mazauna garuruwan da ke zuwa aiki da makaranta aka yi wa shi, kuma yana da amfani da yamma in an gaji ana son komawa. Mai zuwa kallo da safe ya bar shi ya wuce.

Jirgin hawainiya daga Komo shi ne wanda ya ci kuɗinsa, matuƙar an samu kujerar waje. Yana tashi daga gaban dandalin Piazza Cavour, yana tsallake-tsallake daga wannan gaɓa zuwa waccan kamar ɗan fito mai kwasar 'yan kasuwa ƙauye-ƙauye. In ana fuskantar arewa, hannun hagu ne gaɓar yamma, kuma nan manyan gidajen suka fi yawa. Da safe rana tana haska wannan gefen, don haka a zauna hagu. Da farko za a hango Villa Olmo tun ba a bar gari ba. A Cernobbio sai Villa d'Este, wanda aka gina wa Kadinal Tolomeo Gallio, wani babban limamin cocin Katolika, a 1568, aka mai da shi otal tun 1873. Can gaba a Laglio za ka ga fasinjoji sun ruɗe sun koma gefe ɗaya suna nuna Villa Oleandra, gidan da ɗan fim ɗin Amurka George Clooney ya saya a 2002. Gida ne mai kyau, amma da ba don sunan mai shi ba babu wanda zai tashi daga kujera dominsa. A hannun dama, bayan Torno, akwai Villa Pliniana na 1573, shi kaɗai a cikin inuwar dutse, da wani marmaro da ke ƙaruwa ya ragu sau da yawa a yini, wanda marubutan Rum suka bayyana tun ƙarni na farko. A Nesso kuma ruwa ne ke zubowa ta tsagar dutse a bayan wata tsohuwar gadar dutse. Daƙiƙoƙi kaɗan ake ganinsa, wanda ya duƙa neman abu a jaka ya rasa.

Matsalar farawa daga Komo ita ce cunkoso. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman Asabar da Lahadi, layin sayen tikiti kan kai mutum ya rasa jirgin da ya zo dominsa. Kuma a nan akwai abin da ɗan Kebbi ya kamata ya fahimta tun daga gida. Mu mun saba da jirgin da ba ya cika, a ce a matsa, a ɗora buhu, a ɗora babur, har ruwa ya kusa taɓa baki, kuma mun ga hatsarin jirgin ruwan da hakan ya jawo a Warra a watan Mayun 2021. A Komo ma'aikaci na tsaye a bakin gadar shiga yana ƙirga kai. Da adadin da doka ta yarda ya cika sai ya ja sarƙa, ko da tikiti a hannunka, ko da rabin iyalinka sun riga sun shiga. Roƙo ba ya aiki, "don Allah mutum ɗaya ne" ba ya aiki. Tikitin yau da kullum izinin hawa ne, ba ajiyar kujera ba. Wannan tsaurin shi ne mafi kyawun abin da hukumar ke yi, shi ne kuma abin da ya fi ɓata wa baƙo rai. Maganinsa a tsaya layi minti 30 kafin lokaci, kuma ayari ya tsaya wuri ɗaya kada a rabu.

Saboda haka wanda kwana ɗaya kacal gare shi, shawarar da ta fi ita ce ya tsallake garin Komo gaba ɗaya. Ya hau jirgin ƙasa daga Milano Centrale, layin da ke zuwa Tirano, ya sauka a tashar Varenna-Esino, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. In tikitin takarda ne daga na'ura, a buga masa hatimi a ƙaramin akwatin da ke bakin dandamali kafin a hau, in ba haka ba tara ce. Daga tashar gangara ce ta ƙasa da minti goma zuwa bakin ruwa. A nan a nemi tikitin yini na tsakiyar tafki, centro lago, wanda a 2023 Yuro 15 ne, tsallakawa ɗaya kuwa 4.60. Lissafin a fili yake: wanda zai hau sau huɗu ya riga ya ci riba, ga shi ya huta da komawa layin tikiti a kowane gari, wanda shi ne ainihin amfaninsa. Tikitin bai haɗa da ƙarin kuɗin jirgi mai gudu ba. Tsallakawa daga Varenna zuwa Bellagio wajen minti 15 ce, daga Bellagio zuwa Cadenabbia ba ta ma kai haka ba. Jirgin fito ba shi da ado, ƙarfe ne da warin man dizal, amma daga benensa ana ganin rassan tafkin uku a lokaci guda, abin da ba kowane jirgi ke ba ka ba.

Gidaje huɗu ne aka fi ziyarta a wannan yanki, kuma ba a gama su a yini ɗaya sai dai a yi musu kallon tsoro. Biyu sun isa.

Villa del Balbianello ne ya fi kowanne kyau daga kan ruwa, yana kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin tafki kusa da Lenno. Kadinal Angelo Maria Durini ya gina shi a 1787. Mai shi na ƙarshe, Guido Monzino, shi ne ya jagoranci ayarin Italiyawa na farko da suka hau dutsen Everest a 1973, kuma da ya rasu a 1988 ya bar wa gidauniyar adana kayan tarihi ta FAI gidan da duk abin da ke cikinsa, har da taswirorinsa da kayan tafiye-tafiyensa. Abubuwa uku ke kayar da mutane a nan. Ba a buɗe shi Litinin da Laraba. Jirgin hukuma ba ya tsayawa a ƙofarsa. A Lenno ake sauka, sannan ko a taka kimanin kilomita ɗaya mai hawa da gangara, ko a biya ƙaramin jirgin tasi daban. Na uku, a lokacin cunkoso sai wanda ya yi rajista ta intanet ake bari, cikin gidan kuma da ɗan rakiya ake shiga, kuɗinsa daban da na lambu. Dattijo mai ciwon gwiwa ya ɗauki jirgin tasin, kada ya ji ƙyashin kuɗin.

Villa Carlotta a Tremezzo ya fi sauƙin kaiwa, don 'yar tafiya ce a ƙafa daga inda jirgin fito ke sauke mutane a Cadenabbia. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 17, sunan kuma na wata gimbiya Charlotte ce da mahaifiyarta ta ba ta gidan kyautar aure. Darajarsa lambu ne, kuma lambun lokacinsa Afrilu da Mayu, sa'ad da furanni ke rufe gangaren. A Agusta kore ne kawai. A sani kuma cewa ɗakunan ƙasa cike suke da mutum-mutumin farin dutse, wasu tsirara, don mai tafiya da iyali ya yanke shawara tun a ƙofa. Villa Melzi a Bellagio, wanda aka gina tsakanin 1808 da 1810 wa Francesco Melzi d'Eril, mataimakin Napoleon a jamhuriyar Italiya ta wancan zamani, lambunsa kaɗai ake shiga, kuma shi ne mafi shimfiɗa ga mai turin keken yaro. Villa Monastero a Varenna, tsohon gidan mata masu hidimar coci, a bar shi zuwa yamma, tunda yana kusa da tashar komawa kuma rana mai faɗuwa gefensa take haskawa.

Jadawalin jiragen yana son natsuwa. Shafi ɗaya na masu zuwa arewa ne, ɗaya na masu zuwa kudu, kuma ba kowane jirgi ke tsayawa a kowane gari ba. Inda babu lokaci a layin garinku, wucewa zai yi kuna kallo. Kalmar feriale tana nufin ranakun aiki, festivo Lahadi da ranakun hutu. A Bellagio matsayar jirgin fito daban take da ta jiragen fasinja, kuma mutane da yawa kan yi rabin awa a layin da ba nasu ba. A nuna wa ma'aikaci tikiti a ambaci sunan garin, zai nuna da hannu ko babu yaren da kuka haɗa. Daga Nuwamba zuwa tsakiyar Maris jirage na raguwa ƙwarai, yawancin gidajen kuma a rufe suke. In an ji kalmar sciopero, yajin aiki ne, a duba kafin a bar Milan.

Akwai kuma masu ba da hayar ƙananan jirage masu injin da bai wuce ƙarfin doki 40 ba, waɗanda doka ta yarda a tuƙa ba lasisi. Ga ɗan Sarkawa da ya tashi da filafili a hannu wannan wasan yara ne, kuma in mutum biyar suka haɗa kuɗi ba laifi. Sai dai a tambaya ko mai yana cikin farashin, a ɗauki hoton farfela da jikin jirgin kafin a tashi saboda kuɗin ajiya, a kuma yi nesa da hanyar manyan jirage, don igiyar ruwan da mai gudu ke bari tana jijjiga ƙaramin jirgi sosai. Da safe iska mai sanyi da suke kira Tivano ke busowa daga arewa, ruwan kuma yakan kwanta kafin azahar. Bayan nan sai Breva ta taso daga kudu ta tayar da shi. Hayar safe ta fi. Wanda ya iya iyo a Kwara ko Matan Fada kada ya ɗauka ruwa ɗaya ne: wannan daga duwatsu masu ƙanƙara yake gangarowa, ƙasansa da sanyi ko a tsakiyar bazararsu, gaɓar kuma yankewa take yi farat ɗaya.

Abinci a kan jirgi ba abin dogaro ba ne, kuma burodin da ake sayarwa a matsaya galibi da naman alade a ciki. Prosciutto, speck, pancetta da salame duk shi ne. Kifin tafki ya fi kwanciyar hankali. Suna da wani busasshen kifi mai gishiri, missoltini, da ɗan Yawuri zai gane danginsa da gani ɗaya. Shinkafarsu ta risotto kuwa akan zuba mata giya wajen dahuwa, sai a tambaya, a ce senza vino, wato ban da giya. Masallaci ba za a samu a waɗannan ƙananan garuruwa ba, a riƙe 'yar darduma a jaka, alƙibla tana kudu maso gabas. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, kuma wannan hasken ne ke yaudarar baƙi: gari fayau kamar la'asar, alhali jiragen sun fara ƙarewa. A duba lokacin jirgin ƙarshe zuwa Varenna tun da safe, a yi niyyar hawa wanda ke gabansa. Wanda dare ya kama a Menaggio ko Lenno yana hayin da babu layin dogo, sai dai motar bas zuwa Komo in ta rage, ko tasi mai kuɗin da ya fi na yawon yinin gaba ɗaya.