Na'urar ɗaukar sauti a tafkin Gidimuni: a rataye ko a nutsar?

In za ka bar na'urar ɗaukar kukan kifi watanni cikin tafkin Gidimuni, gabas da Damagaram, dabara biyu ce.

Ta farko, ka rataye ta da igiya a ƙarƙashin gora mai yawo. Ɗauko ta ba wuya, amma iskar hunturu na kaɗa goran, igiya na gurza, ƙarar duk ta shiga sautin. Ga koma, ga idon mutane.

Ni na fi son a ɗaure ta bisa dunƙulen siminti, a nutsar. Can ƙasa shiru ne. Sai dai laka na binne ta, don haka a ɗaga ta kamu ɗaya, a riƙe wurin da GPS (na'urar nuna wuri), a shaida wa sarkin ruwa tun kafin ruwa ya janye da rani.