Ɗauki na 1999, ka bar wa mai shago na 2016

Ɗan'uwa, tsakanin fina-finan tsoron nan biyu da ka tambaya, The Blair Witch Project na 1999 da Blair Witch na 2016, ɗauki tsohon. Duka biyun da kuɗina na kalle su. Ɗaya har yau faifansa yana ƙasan akwatina, ɗayan kuwa na goge shi daga waya tun kafin gari ya waye.

Tsohon na saye shi ne ina makarantar kwana ta gaba da sakandare, a hannun wani mai baza faifai bakin tasha, hoton kwalin duk rana ta cinye shi. Mu huɗu muka zauna gaban talabijin ɗin aro, kowa ya gyara zama yana jiran dodo. Aka fara, sai ga ɗalibai uku, mace ɗaya maza biyu, suna yawo a wani ƙaramin gari suna yi wa mutane tambayoyi kan labarin wata mayya. Ba a yi minti 20 ba ɗaya daga cikinmu ya ce, "Kai, wannan ai labaran duniya ka sayo mana." Na biyu ya yi barci da takalminsa. Na uku ya ce rawar kyamarar tana juya masa kai, ya fita shan iska, bai dawo ba. Ni kaɗai na kai ƙarshe, kuma da aka gama ni ma tsaki na yi, na ce an ci kuɗina.

Wajen ƙarfe biyun dare fitsari ya tashe ni. Ban ɗakinmu yana can bayan gini, sai ka ratsa ƙarƙashin wasu itatuwan darbejiya, ga hunturu, busasshen ganye ya rufe ƙasa, ga shi an ɗauke wuta. Na yi taku bai fi goma ba wani reshe ya ce ƙas a bayana. Wallahi a nan na ƙame da buta a hannu, na kasa waiwayawa. Hanyar da nake bi kullum ido rufe, ranar da baya da baya na koma ɗaki, na riƙe abina har aka kira asalatu. Fim ɗin da na yi wa tsaki ashe biyo ni ya yi.

Abin da ya sa yake kama mutum haka, ba ya nuna maka komai. Mayyar da aka sa wa fim ɗin sunanta, ko inuwarta ba za ka gani ba. Babu kiɗan nan da ake sakawa don a gaya maka lokacin tsoro ya yi. Abin da za ka gani shi ne tsibin duwatsu guda uku da aka wayi gari an jera kewaye da tantin ɗaliban bayan sun shiga daji, da wasu ƴan itatuwa da aka ɗaure kamar siffar mutum suna reto a jikin rassa, da muryoyin yara cikin dare a dajin da ba kowa. Wurin da ya fi taɓa ni ma ba dare ba ne, da rana ne: sun yini suna tafiya kudu, da yamma suka tsinci kansu a bakin rafin da suka tsallaka, gungumen nan dai shi ne. Duk wanda ya taɓa ɓata a daji, ko da na awa ɗaya ne, ya san yadda ciki yake ɗurar ruwa a irin wannan lokaci. Mu da muka tashi ana hana mu bi ta gindin tsamiya da magariba ba tare da an taɓa nuna mana abin da ke can ba, wannan salon ba baƙo ba ne a wurinmu.

Yadda aka yi shi ma abin ji ne. Daniel Myrick da Eduardo Sánchez ne suka shirya shi, suka ɗauke shi cikin kwana 8 a watan Oktoba na 1997 a jihar Maryland ta Amurka. Ƴan wasan uku, Heather Donahue da Joshua Leonard da Michael Williams, da sunayensu na gaskiya suka fito, kuma su ne suka riƙe kyamarorin da hannunsu, ɗaya ta bidiyo mai launi, ɗaya ta fim baƙi da fari. Ba a rubuta musu maganar da za su faɗa ba. Ana bar musu ƴar takarda ne a wani wuri, kowa da tasa, su nemo ta da na'urar nuna hanya, sannan da dare masu shirin su lallaɓo su riƙa karya itace suna girgiza musu tanti. Abinci ma kullum rage musu ake yi. Shi ya sa idan ka ga suna yi wa juna ihu kan taswirar da ta ɓata, gajiyar da ke fuskarsu ba kwalliya ba ce. Kuɗin ɗaukar bai wuce dala dubu 60 ba. Bayan an nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a farkon 1999, wani kamfani ya saye shi kan dala miliyan ɗaya da ɗoriya, ya je ya tara kusan dala miliyan 250 a duniya.

Ba zan ɓoye maka ba, abokan ɗakina ba su kaɗai ba ne. Tun fitowarsa masu kallo suka rabu biyu, har gobe kuma ba su haɗu ba. Masu sharhin fina-finai sun yaba masa, amma jama'a da yawa sun fito daga sinima suna cewa sun biya kuɗi sun kalli ganye da ƙafafun mutane. Wasu har amai suka yi saboda girgizar hoton. Ita Heather, wurin nan da ta kafa kyamara a fuskarta tana kuka tana neman gafarar iyayensu, majina na zuba, wasu sun ce ba su taɓa ganin tsoro na gaske irinsa ba, wasu kuma suka mai da shi abin barkwanci, har aka ba ta lambar ba'a ta ƴar wasa mafi muni a shekarar. Ni dai ina ganin an zalunce ta. Masu cewa ihun da suke wa juna ya yi yawa a tsakiya, wannan kam na yarda, akwai minti goma da ni ma zan so a datse.

Na 2016 fa? To, fim ne. Adam Wingard ya shirya shi da dala miliyan 5, labarin ƙanin Heather ne da ya kwashi abokai suka shiga dajin neman ta, da ƴan kyamarori a kunne da jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto. Hoto tas, sauti kamar zai fasa maka dodon kunne, kowane minti biyar wani ya faɗo gaban kyamara don ka zabura, a ƙarshe kuma su hasko maka wata doguwar halitta. Da na gan ta sai tsoron ya tafi. Wuri ɗaya zan ba shi, inda wata yarinya a cikinsu take jan ciki a wani matsattsen rami ƙarƙashin gida, nan na ji numfashina ya ɗauke. Ban da shi ban tuna komai ba, sai kuɗin da na biya.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don an taɓa yi mini. Masu tura fina-finai da yawa ba su san bambancinsu ba, wasu kuma sun sani sarai, abin da ke cikin kwamfutarsu kawai suke so su sayar. Na taɓa zuwa neman tsohon don na samu a waya, yaron shagon ya rantse mini shi ne, har yana cewa wai wannan "sabon gyara" ne mai kyan hoto. Na dawo gida na tarar na 2016 ne. Na koma, ya ce ai an riga an tura, ba a mayar da kuɗi. Akwai kuma na uku da suke cusa wa mutane, Book of Shadows na shekarar 2000, suna kiransa kashi na biyu. Wannan ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode.

Saboda haka kada ka bar shagon sai an buɗe maka. Na gaskiyar yana farawa ne da farin rubutu a kan baƙin allo, yana cewa a watan Oktoba na 1994 ɗalibai uku sun ɓace a daji kusa da garin Burkittsville na Maryland, bayan shekara guda aka tsinci abin da suka ɗauka. Tsawonsa minti 81 ne ko kusa da haka. Hotonsa dishi-dishi ne, yana sauyawa tsakanin mai launi da baƙi da fari. Idan ka ga hoto garau da samari riƙe da kayan zamani, ba shi ba ne. Idan mai shago ya ce maka labarin gaskiya ne, mutanen sun mutu, wannan tsohuwar dabarar talla ce ta 1999, lokacin da aka buga hotunansu a matsayin waɗanda suka ɓace, aka buɗe musu shafi a intanet. Ƙirƙira ce daga farko har ƙarshe, mayyar ma su suka ƙago ta. Kuma ka nemi mai muryoyinsa na asali. Idan ka samu wanda aka ɗora wa murya ana zuba barkwanci a kai, an kashe shi, domin rabin fim ɗin a kunne yake.

In ka samu, kada ka yi kuskuren da na yi na tara jama'a. Kai kaɗai, bayan isha'i, ka kashe fitila, ka sa abin ji a kunne. Hirarrakin farkon nan da abokina ya kira labaran duniya, kada ka tsallake su, musamman inda ake ba da labarin wani mutum mai suna Rustin Parr da abin da yake sa yara su yi a cikin gidansa. In ba ka ji wannan ba, minti na ƙarshe zai wuce ka ka ce an ci kuɗinka, kamar yadda na ce. Kuma ka zaga bayi tun kafin ka kunna.