Cibiyar da muke kai Baba koyon magana bayan shanyewar ɓarin jiki

Tun da aka ji Baba ya fara amsa gaisuwa a ƙofar gida, 'yan uwa da abokan aikina a makaranta ke ta tambayata ina muke kai shi, kuma ko wurin ya cancanci kuɗin da wahalar zuwa. Na gaji da maimaita amsa a waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Cibiya ce mai zaman kanta a nan cikin Kano, ana gashi a ɓangare ɗaya, ana koyar da magana a ɗayan. Ba zan kama sunanta ba, don akwai yabo a abin da zan faɗa, akwai kuma ƙorafi, kuma har gobe muna zuwa.

Baba dillalin hatsi ne a Dawanau, mutumin da bakinsa ne jarinsa. Ya daɗe da hawan jini, irin masu shan magani idan kai ya sara, su ajiye idan sun ji dama-dama. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu. Hannu da ƙafar dama suka saki, magana ta ɗauke. Da aka sallame mu daga asibiti, abin da ya rage a bakinsa bai wuce "to, to" da "wallahi" ba. Da su yake neman ruwa, da su yake faɗa, da su yake sallamar baƙi.

Zan fara da Malamar da ke koyar da maganar, don ita ce dalilin da ya sa ba mu daina zuwa ba. A zaman farko ba ta ko taɓa batun magana ba sai da ta ba shi ruwa a cokali, ta ɗora yatsu a maƙogwaronsa tana kallon yadda yake haɗiya. Ta ce masu irin wannan lalura da yawa abinci na bin hanyar iska ya sauka a huhu ba tare da an lura ba, ya zama ciwon huhu. Ta ce a riƙa dama masa kunu da kauri, kuma kada a ƙara ba shi komai yana kwance. Babu wanda ya taɓa gaya mana haka.

Sannan ta jera hula da kofi da makulli a tebur. "Baba, miƙo min hula." Ya miƙa. "Ɗora makullin a cikin kofi." Ya ɗora. Ta ɗaga hular: "Baba, mene ne wannan?" Leɓensa ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce "wallahi", ya buga tebur da hannun hagu. Ta bar shi ya huce, sai ta ce, "Mu yi Fatiha." Ta ja masa bisimilla, sai ga Baba ya ɗauka har "walad dallin" ba tuntuɓe. Umma ta fashe da kuka. Ƙirga ma haka, daga ɗaya zuwa goma tiryan-tiryan, amma da ta tambaye shi me ke bin shida, sai ya tsaya cak. Ta yi mana bayani cewa abin da baki ya hardace tun yarinta yakan tsira, abin da ya lalace shi ne zaƙulo kalma lokacin da mutum yake buƙatarta. Daga nan ta juyo gare mu, fuska ba wasa: "Daga yau kada wanda ya sake yin zancensa a gabansa kamar ba ya wurin. Yana jin ku sarai."

Wannan maganar kaɗai ta biya kuɗin ranar. A lokacin gidanmu ya rabu biyu: wasu na cewa jifa ne daga abokan hamayya a kasuwa, wasu na raɗa cewa kan Alhaji ya taɓu. Malama ba ta yi wa kowa dariya ba, ba ta kuma hana tofi ko addu'a ba. Cewa ta yi a ci gaba da roƙon Allah, amma maganin hawan jini kada ya tsallake ko rana ɗaya, kuma a daina ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Ta ce sunan lalurar afeshiya, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna samun ta. Ni malamar makaranta ce, ba na iya barin abu ban bi diddiginsa ba. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci a Faris mai suna Leborgne, wanda ya shekara da shekaru ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. Da ya mutu aka buɗe kansa, aka ga lalacewar a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu. Irin ta Baba ke nan. A 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana wata iri, wadda magana ke zuba kamar ba komai amma ba ma'ana, mutum kuma ba ya gane abin da ake faɗa masa. Akwai wata dattijuwa da muke haɗuwa da ita a wurin jira mai irin wannan, 'ya'yanta sun ce sun daɗe ana yi mata maganin aljanu kafin wani ya ce a ɗauki hoton kanta.

Inda na fara ɓata rai shi ne gwajin hotuna. Cibiyar na amfani da wani littafin zane da aka tsara a Boston ta Amurka, hoto 60, ana nuna wa majinyaci ya faɗi suna. Akwai gado, bishiya, almakashi, tsintsiya, har da raƙumi, wanda Baba ya yi ta fama har ya fitar da "ƙumi". Amma a ciki akwai ɗakin ƙanƙara na mutanen can ƙuryar arewacin duniya, da wani doki mai ƙaho ɗaya na tatsuniyar Turawa, da wata dabbar ruwa mai datse rafi da itace. Ni da nake da lafiya da digiri ban san sunansu da Hausa ba, balle dillalin gero. Idan aka ba shi maki a kan wannan, ciwon ake aunawa ko baƙuntar hoton? Na faɗa wa Malama haka kai tsaye. Ta ce ita ma abin na damun ta, shi ya sa ba ta dogara da makin. Sai dai cibiyar da ke karɓar kuɗi irin wannan a tsakiyar Kano ya kamata a ce ta buga katunan hotonta na Hausa tuntuni. Ba aikin da ya fi ƙarfin mai ɗaukar hoto da mai buga katin biki ba ne.

Abin da ta yi maimakon haka shi ne ya burge ni. Ta ce mu kawo kayan sana'arsa. Yayana ya je rumfa ya ɗebo gero da dawa da wake da riɗi a ƙananan leda, ya haɗo da tiya da basillar ɗinkin buhu. Ta zuba gero a tafin Baba, ya murza shi da babban yatsa yadda ya saba duba kaya, ya kai hanci. "Baba, me kuka kawo mana yau?" Shiru. Ta ce "ge…", ya ce "gero". Ta sa ya maimaita, ta ɗauke, ta kawo wake, ta dawo da geron ba tare da ta ja masa ba. A karo na gaba ya fito da kansa. Haka take bi: sautin farko, ko ta fara jimla ya ƙarasa. "Tuwo da…" "miya." "Sannu ba ta hana…" "zuwa." Karin magana na fita daga bakinsa da sauƙin da ya ba ni mamaki, kuma yana jin daɗinsu, don yana ganin ba a mayar da shi ɗan aji ɗaya ba. Gajerun buƙatu irin "ina son ruwa" kuwa rera su take yi da shi a hankali, tana buga masa hannun hagu a kan kowace gaɓa, sannan a rage rerawar har ta koma magana. Dabara ce da wasu masu bincike a Boston suka fito da ita a 1973, bayan an lura cewa masu afeshiya da yawa suna iya waƙa ko da ba sa iya zance.

Matsalar ita ce lokaci. Zama minti 45 ne, sau biyu a mako, kuma kuɗin zama ɗaya ya kai cefanen gidanmu na kwanaki. Wani bincike da aka yi a Jamus, aka wallafa a mujallar Lancet a 2017, ya ɗauki mutum 156 da suka haura wata 6 da afeshiya. Waɗanda aka ba horo na aƙalla awa 10 a mako har mako 3 sun samu ci gaba a zancen yau da kullum, kuma ci gaban bai zube ba bayan wata 6. Awa 10. Mu a lokacin awa ɗaya da rabi muke saya, idan ba a ci mana daga ciki ba. Na jinjina wa Malama da ba ta ɓoye wannan ba. Ta ce, "Ni nuna muku hanya nake yi, aikin a gida yake." Tana barin mutum ɗaya daga iyali ya zauna a ɗakin, tana rubuta aikin mako a littafi, wani lokaci ta sa ni in gwada a gabanta ta gyara min. Abin da ta fi yi min faɗa a kai shi ne saurin ƙarasa masa kalma. Yanzu Umma na yi da shi bayan ya karya, ni bayan la'asar, jikoki kuma su zo da hotunan 'yan uwa a waya yana faɗin sunaye. Idan ya fara kawar da kai, an tashi ke nan, gajiya ba ta koyar da komai.

Teburin karɓar baƙi kuwa sai haƙuri. A ba ka ƙarfe goma, ka ɗauko tsoho mai shanyayyen ɓari a Adaidaita, ka zo ka zauna har kusan azahar. Kafin a kira shi ya riga ya gaji, rabin zaman ya tafi a hamma. Ƙofar shiga matakala ce, ba gangaren keke, sai an cicciɓi majinyaci da kekensa, a wurin da aka buɗe domin masu shanyewar jiki. Ɗakin maganar falanki ne ya raba shi da inda janareta yake, kuma duk wanda ya zauna da mai afeshiya ya san hayaniya na tsinka masa kalmar da ya kusa kamawa. Mai koyar da maganar ita kaɗai ce. Da ta tafi hutu aka rufe ɗakin, ba wanda ya kira mu, sai da muka zo muka tarar. Suna kuma matsa wa mutum ya biya kuɗin wata gaba ɗaya, ranar da majinyaci ya kwana da zazzaɓi bai zo ba, kuɗin ya bi ruwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kantar da ke kusa da wurin biyan kuɗi, cike da kwalaben "ƙarfafa ƙwaƙwalwa". Yarinyar wurin ta ce wa Umma, "Hajiya, duk wanda ya haɗa da wannan ya fi saurin buɗe baki." Na duba kwalin, sinadarin citicoline ne. An gwada shi a Turai a kan mutum sama da 2,000 da jijiyar ƙwaƙwalwarsu ta toshe, sakamakon ya fito a 2012, bai fi maganin bogi da aka kwatanta shi da shi ba. Na kai wa likitan Baba kwalin, ya ce mu ajiye kuɗinmu. Haka suka tallata mana wata manhaja ta kwamfutar hannu, da Turanci zalla. Ko a Ingila, binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna irin wannan horo na kwamfuta na taimaka wa mutum ya kama kalmomin da ya yi ta maimaitawa, amma bai gyara hira ba. Baba kuwa Turancinsa bai wuce na lissafin buhu ba. Malama ba ta taɓa ce mana mu sayi ko ɗaya ba, a yi mata adalci.

Ɓangaren gashi ba ni da abin cewa mai yawa. Saurayin da ke yi yana da haƙuri, ya hana mu jan Baba ta hannun da ya shanye don kada kafaɗa ta goce, kuma yanzu yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Abu ɗaya da nake yaba wa cibiyar baki ɗaya: ba a fara komai sai an auna jini an rubuta. Ranar da ya hau sosai, mayar da mu suka yi wurin likita, ba su taɓa shi ba. Daidai ne. Babban binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin wannan ciwo a kan hawan jini. Wanda ya faɗi sau ɗaya kuma yana iya sake faɗuwa.

Yau Baba na kiran sunayen 'ya'yansa, ko da yake ni yakan kira ni da sunan ƙanwarsa. Yana neman ruwa da shayi da buta da bakinsa. Da yaronsa na kasuwa ya zo ya faɗi farashin da ya sayar da wake, Baba ya ce "a'a, kaɗan", kuma da gaskiyarsa. Doguwar jimla har yanzu ba ta samuwa, waya kuwa sam ba ya so, yakan miƙa wa Umma. Malama ba ta taɓa yi mana alkawarin zai koma yadda yake ba.

Ga mai shirin zuwa: wurin na wanda aka riga aka sallama daga asibiti ne. Idan yanzu ne baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa za a nufa a guje, don allurar narkar da gudan jini galibi ba ta wuce awa 4 da rabi da farawar ciwon. In kuma an zo matakin koyon magana, kafin a biya ko sisi a tambaya ko mai koyarwar na jin yaren majinyacin sosai, ko za a bar ɗan uwa ya zauna a ɗakin, da yadda za a yi da kuɗin ranar da ba a samu zuwa ba, a kuma nemi a rubuta amsar a bayan rasit. A nemi zaman farko na safe, kafin layi ya taru. Mu dai mun koma sau ɗaya a mako, muna biya zama-zama, rarar kuɗin mun sayi na'urar awon jini ta gida da ita.