Hattara da masu tallar tsofaffin kuɗin Rumawa a intanet

Jama'a, a yi hattara. Akwai wasu da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook suna tallar tsabar tagulla ta zamanin Daular Rum, wai an tono ta a kufan Leptis Magna da ke Libiya, wai kuma attajiran Turai na neman ta ido rufe. Sai su ce ka tura kafin alƙalami, kaya su iso, ka sayar ka ninka kuɗinka. Labarin yana shiga kunne, domin Leptis Magna birnin Rumawa ne na gaske, can ma aka haifi Sarki Septimius Severus a shekara ta 145. Amma ambaton sunan gari ba shaida ba ne.

Wani lokaci kuɗin na gaske ne, farashin ne ƙarya. Ƙananan tsabar zamanin Sarki Constantine da 'ya'yansa, a ƙarni na 4, an buga su ba adadi, daga Iskandariyya da Antakiya har Trier ta Jamus. A Seaton Down ta Ingila kaɗai, a 2013, wani mutum ya tono guda 22,888 a wuri ɗaya. Irin wannan mai hoton sojoji biyu da rubutun GLORIA EXERCITVS, daloli kaɗan dillalai ke sayar da shi. Wanda ya ce maka dukiya ce don ta haura shekara 1,600, aljihunka yake kallo.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne wajen babban kuɗin nan da ake kira sestertius, mai nauyin giram 25 ko fiye kaɗan. Shi ne ke ɗauke da hotunan da masu tarawa ke mutuwar so, kamar tashar jiragen ruwa ta Ostia da Sarki Nero ya sa aka buga wajen shekara ta 64, da dandalin wasanni na Colosseum na zamanin Sarki Titus. Kwaikwayonsu ba yau aka fara ba. Tun ƙarni na 16 Giovanni da Cavino na garin Padua a Italiya ya sassaƙa irinsu da gwanintar gaske, kuma har gobe ana zuba wasu daga nasa. Da ka ji mai talla ya ce yana da sestertius na Sarki Otho, to magana ta ƙare. Wata uku kacal Otho ya yi yana mulki a shekara ta 69, kuma zinariya da azurfa kawai aka buga masa a birnin Rum, babu tagulla.

Rumawa bugu suke yi: a sa ƙarfe tsakanin hatimi biyu a sauke masa guduma. Ɗan jabu kuwa yawanci zubi yake yi, shi ya sa za ka ga siririn layi ko alamar guga a gefen kuɗin, da 'yan ramuka kamar na allura a fuskarsa, haruffan kuma sun yi dusu-dusu. In ya nuna maka guda uku masu tsaga iri ɗaya a wuri ɗaya, daga kasko ɗaya suka fito. Koriyar tsatsar ma shafa ta ake yi, wasu har yashi suke mannawa da gam don a ce daga hamada ta zo.

Kafin ka tura ko sisi, nemi hoton gefen kuɗin, da hotonsa a kan sikeli, da takardar inda aka saye shi, da alƙawarin mayar da kuɗi in ya zama jabu. Ɗan damfara zai fara cewa akwai wani mai saye da ke jira.

Ko da kuwa maganarsa gaskiya ce, an tono kayan a Libiya, to na fasa-ƙwauri ne, domin dokar ƙasar ta hana fitar da kayan tarihi, kamar yadda Masar ta haramta cinikinsu tun 1983. Babu gidan gwanjo mai mutunci a Turai da zai karɓe su daga hannunka ba takarda.