Linux Mint ko MacBook: wanne ke buƙatar antibirus?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kana da wurin buga takardu da fotokopi a Tawa, tsohuwar kwamfutarka ta kasa ɗaukar Windows 11, kuma tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 wani yaro ya sa maka Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, a madadinsa. Ƙanwarka kuma an aiko mata MacBook daga Abijan. Kana so ka san ko sai kun sayi antibirus.

Kada ku saya, daga kai har ita. Amma dalilinku ba ɗaya ba ne, kuma aikin da ke gabanka ya fi nata yawa.

Bari in fara da nata, shi ya fi sauƙi. Mac yana zuwa da masu gadinsa a ciki. Akwai XProtect, wanda Apple ya sa tun 2009, yana duba fayiloli a ɓoye, yana sabunta kansa ba tare da ta taɓa komai ba. Akwai kuma Gatekeeper tun 2012, wanda ke tare manhajar da ba a san mai ita ba kafin ta buɗe. Masu cewa birus ba ya kama Mac kuwa ba su bibiyi labari ba: a 2012 wani mai suna Flashback ya shiga Mac wajen 600,000 ta wata kafa da ke cikin manhajar Java. Wanda ya fi damuna a yanzu shi ne Atomic Stealer, da ya ɓullo a 2023. Yana ɓuya cikin manhajojin sata, irin Photoshop ko Office na kyauta da ake saukewa daga shafukan banza. Da ka buɗe, sai ya nuna maka wani akwati mai kama da na Apple yana neman kalmar sirri, ka rubuta da hannunka, ya kwashe duk kalmomin sirrin da ke ajiye a kwamfutar. Abin da za ka gaya wa ƙanwarka ke nan: in Mac ya ƙi buɗe wani abu, kada ta bari wani ya nuna mata hanyar zagayewa.

Linux Mint ba ya zuwa da antibirus ko ɗaya, kuma ba mantuwa aka yi ba. Tsarinsa ne daban. Manhajoji kana ɗauko su ne daga rumbun da masu Mint da Ubuntu, Linux ɗin da aka gina Mint a kansa, ke kula da shi, kowace da hatiminta, ba daga kowane shafi ba. Ba abin da zai taɓa zuciyar tsarin sai ka rubuta kalmar sirrinka. Ga shi kuma masu Linux a kwamfutar gida ko ta ofis ba su kai 5 cikin 100 ba a duniya, saboda haka mai rubuta birus don neman kuɗi ba kasafai yake ɓata lokacinsa a kanku ba. Inda ake kai wa Linux hari sosai shi ne manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet da ƙananan na'urori irin kyamarorin tsaro, kamar yadda wani birus mai suna Mirai ya yi a 2016 ta hanyar gwada kalmomin sirrin da mutane ba su canza ba tun daga masana'anta.

Ban ce ba a taɓa cin ku ba. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint ɗin kansa, aka musanya hanyar saukewa da wani gurɓataccen kwafi. A Maris 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, da aka dasa cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke amfani da ita, kafin ta isa ga yawancin mutane. Sai dai ka lura, a duka biyun ba antibirus ne ya ceci kowa ba. Mutane ne suka gano, aka gyara.

To, ga inda lamarinka ya bambanta da nata: kilen USB. Ita kwamfutarta tata ce ita kaɗai. Kai kuwa daga safe zuwa magariba ɗaliban jami'a, malaman lakkol da masu haɗa dosiyen neman aiki suna miƙo maka kile, kuma ka san yadda da yawansu suke. Birus ɗin rakursi, wanda ke ɓoye dosiyoyin mutum ya bar masa gajerun hanyoyi na bogi, ka sha ganinsa a Windows. Soka irin wannan kile a Mint ka kalla. Dosiyoyin da mai shi ke kukan sun ɓace za ka gan su a fili, domin Linux ba ya bin alamar ɓoyewa ta Windows. A gefensu za ka ga fayiloli masu ƙarewa da .lnk, da wani baƙo mai ƙarewa da .vbs ko .exe wanda mai kilen bai san da shi ba. Ba ɗayansu da zai motsa a kwamfutarka. Kana iya zaɓarsu ka goge kamar kowane fayil.

Amma in ba ka goge ba, suna nan. Kwamfutarka kamar mai ɗauke da cuta ce da ba ta kwantar da shi ba: kwafe dosiye daga kilen wannan zuwa na wancan, birus ɗin ya bi, ya je ya tashi a Windows ɗin wani ofis, a ce daga wurinka aka kwaso. Don wannan ne kawai zan ce ka sa wani antibirus mai suna ClamAV. Kyauta ne, yana cikin rumbun Mint, kuma yawancin abin da yake kamawa birus ɗin Windows ne. Ba ya zaman gadi da kansa, kai za ka tura shi ya duba kile, kuma ba ya kama komai da komai. Don abokan cinikinka za ka sa shi.

Akwai abin da bai san Mac ko Linux ba. Shafin bogi mai kama da Facebook, ko saƙon da ke cewa ka turo lambobi 6 da WhatsApp ya aiko maka, duk ɗaya suke a kowace kwamfuta.

Kuɗin da ka ware don antibirus, raba shi biyu. Rabi forfen intanet, don duk lokacin da garkuwar nan da ke ƙasan allon Mint ta nuna akwai sabuntawa ka bar ta ta gama. Mint 22 zai ci gaba da samunta har 2029. Rabi kuma ka tara ka sayi diski na waje da za ka riƙa kwafe ayyukan mutane a kai, don a wurinmu ɗaukewar kuran da zafi da ƙura suna kashe diski ba tare da taimakon wani birus ba.

In yaron nan ya sa maka Wine don ka buɗe manhajojin Windows a cikin Mint, to ka yi hattara da .exe ɗin da ke cikin kile, domin da Wine wasunsu suna iya tashi su taɓa fayilolinka. In ba ka amfani da shi, ce masa ya cire.