Eriyar Sanda da Eriyar Zobe: Wacce Ta Dace da Legas?

Mai sha'awar rediyo da ke son kamo siginar da mitarta ke tsakanin kilohaz 3 da 30 (kilohaz ma'aunin saurin kaɗawar sigina ne), kamar ta tashar NAA ta jihar Maine a Amurka wadda ke watsawa a kilohaz 24, yana da zaɓi biyu. Eriyar sanda gajeren ƙarfe ce da ake haɗawa da na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba ta da tsada, kuma tana ji daga kowace fuska. Sai dai a unguwa irin Agege, inda janareto ke aiki dare da rana, hayaniyar wayoyin lantarki takan danne abin da ake nema, sai an kai ta fili nesa da gidaje.

Eriyar zobe kuwa wayar tagulla ce da ake naɗawa sau da yawa a kan firam ɗin katako. Siginar rediyo tana da ɓangaren lantarki, wanda eriyar sanda ke kamawa, da na maganaɗisu, wanda eriyar zobe ke kamawa, kuma ana iya juya ta har gefenta da ba ya ji ya fuskanci tushen hayaniya. Naɗin yana cin lokaci da waya, amma a ganina ita ce ta dace da mazaunin gidan haya. Ƙarar walƙiyar damina dai dukkansu suna kwaso ta.